Addar da Na Wasa Domin Ayuba

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu.

Ni manomi ne a gefen Randagi. Da hannuna na rubuta wannan, a hankali, domin bana na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Bara ruwa ya yaudare mu. Ya sauko da wuri, muka shuka masara, sai ya ɗauke. Tsiro ya ƙone. Muka sake shuka, ya sake ƙonewa. Magana ta fara yawo cewa maƙwabcina Ayuba mai gawayi ne ke ɗaure ruwa don kada ya jiƙa masa itace. Na yarda. Da ma in an ce sauyin yanayi a rediyo tsaki nake yi, in ce zancen masu albashi ne. Ni mutum nake nema da zan kama.

Da damina ta yi tsakiya, ruwan da aka hana mu ya zo a yini guda. Rafi ya cinye gonata. Bangon ɗaki ya faɗa wa matata, har yau da sanda take tafiya.

An san ni da haƙuri. To, da haƙurin nan na zauna na wasa adda har tana aske gashin hannu. Na durƙusa na ce, "Ubangiji, ka sa Ayuba a hannuna yau." Haka na roƙa, ba zan ɓoye muku ba.

Na iske shi tsaye cikin laka. Gidansa ya rushe, rumbu ya kife, yana tono dawa da hannu. Ya ɗago kai.

"Baba Markus, har da adda ka zo? Allah ya yi maka albarka. Sare mini azarar nan, akuyata na ƙarƙashi."

Na ce, "Ba kai ke ɗaure ruwa ba?"

Ya ce, "Haba baba. In na iya, sai in bar wannan ya ci gidana?"

Na ce a zuci, "Yesu, riƙe ni." Kuma ya riƙe ni! Azarar na sara.

Daga baya ƙanena da ke noma wajen Zariya ya faɗa mini su ma haka damina ta yi musu, ga shi ba Ayuba a can. Yanzu in ana zancen sauyin yanayi a rediyo, ƙara murya nake yi.

Fushina bai mutu ba. Masu inji da suka aske itatuwan bakin rafinmu suka loda a mota, da masu hayaƙin masana'antu can nesa da suka rikita mana damina, duk sa'ad da na ga matata tana jan ƙafa zuwa rijiya ina roƙon Allah ya bi mana hakkinmu a kansu, kada ya bar ko ƙwaya. Amma shi zai rama, ba ni ba.

Na gode wa Yesu. Ba don shi ba, da yau ina kurkuku, 'ya'yan Ayuba kuma marayu. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, ko da kun riga kun kama hanya da mugun nufi. Amin.