Katin Saniya a Ɗakin Jira

A ɗakin jiran asibiti, wata mata tana nuna wa jaririyarta katin koyon karatu mai hoton saniya. Tsohuwar da ke gefenta ta kasa haƙuri.

"Baiwar Allah, yarinyar nan nono take nema, kin cika mata ido da saniya."

"Ina ruwanki, Mama? Yayanta ya faɗi jarrabawa, dangin uban suka ce kwanyata ya gado. Ba za a zage ni kan wannan ba."

"Ni tara na haifa, ban taɓa nuna wa kowa kati ba."

"Shi ya sa kike ta juya takardar likita, ba mai karanta miki."

"Marar kunya. Ungo, karanta."

Matar ta ture takardar. "Ni ma hotunan nake bi."