Ku Daina Ce wa Tela Tukuna

Shugaban taro, Baba Fasto, dattawan ikilisiya, iyayenmu mata, abokaina mawaƙa, matasa, da ku da kuke tsaye a bakin taga don rashin kujera, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu.

Na gode da kuka ba ni, shugabar mawaƙa, damar yin magana a kan renon masu hidima. Ku gafarce ni in kun ga na kasa tsayawa wuri ɗaya, raina ne ba a kwance ba.

Da farko, ni ma reno na aka yi. Marigayi Baba Mai Keke, mai bisharar da ya fara tara mu a ɗakin nan, shi ya miƙo mini littafin waƙoƙi wata Lahadi ya ce in ja jama'a. Na ce, "Baba, ban iya ba tukuna." Ya ce, "Ni ma ban gama iyawa ba, 'yata. Tashi." Na tashi, na ɗauko waƙar can sama, har iyayenmu mata suka shaƙe. Bayan an tashi ya kira ni gefe ya gyara mini, Lahadi ta gaba kuma ya sake tura ni.

Na biyu, ku dubi benci na ƙarshe. Ga Tela can a zaune. Shi ya ɗinka labulen bagadin nan, shi yake koyar da 'ya'yanmu Littafi Mai Tsarki, shi yake bin Baba Fasto asibiti da gidajen makoki. Tun gashinsa yana baƙi ya roƙa a bar shi ya yi wa'azi, aka ce masa tukuna. Ya yi aure, tukuna. Ya aurar da 'ya, tukuna. Yanzu ga furfura, kuma har yau tukuna!

Na je shagonsa karɓar rigunan mawaƙa, na tarar ya naɗe takardun wa'azinsa yana cusa su ƙarƙashin tebur. Ya ce, "Yaya, na daina tambaya. Wataƙila ni ne na ji kiran ba daidai ba." Maganar nan ta hana ni sukuni, domin mun sa bawan Allah yana shakkar muryar Ubangijinsa.

Na uku, roƙo nake yi. Dattawa, iyayena, zai yi kuskure, na sani, kamar yadda ni da ku muka yi. Ku ba shi Lahadi mai zuwa, ku zauna a gaba ku saurara, ku gyara masa bayan an tashi. Kada ku ce sai kwamiti ya zauna. Ga ku nan duka a zaune.

Allah ya albarkaci taron nan, ya ƙara wa iyayenmu lafiya da hikima, ya riƙe zuciyar Tela, ya kai kowa gida lafiya. Ranar da muka ƙwanƙwasa ƙofar Ubangiji kuma, kada ya ce mana tukuna.

Na gode.