Albasa a Miyar Gunvor

A kantin kifi na bakin ruwa a birnin Bergen, dattijo Halvard ya karɓi yanka biyu na kifin salmon, sannan ya juya wajen matar da ke bayansa a layi.

"Baiwar Allah, miyar da ake zuba wa wannan, yaya ake haɗa ta?"

"Ai ba wuya, Baba. Ka narkar da man shanu, ka zuba kindirmo, ka matsa lemun tsami, sai ɗan ganyen ƙamshin nan da ake kira dil. Kada dai ta tafasa, tsinkewa za ta yi."

"Ba a sa albasa?"

"Ni dai ba na sawa."

"Matata Gunvor tana sawa. Shekara arba'in da ɗaya."

"To, ka tambaye ta mana."

"Na tambaye ta jiya a gidan kula da tsofaffi. Ta ce wane kifi? Mantuwa ta kama ta. Mako biyu ke nan ba ta taɓa abincinsu. Likita ya ce in kawo abin da bakinta ya sani."

Matar ta matso kusa da shi.

"Albasar, kana jin ta a haƙori?"

"A'a, zaƙinta kawai. Ni zama nake yi a tebur, a kawo mini."

"To, a cikin man shanun take dafa ta, wuta kaɗan, har ta narke."

Halvard ya ciro biro, ya shimfiɗa takardar da aka naɗe kifin da ita a kan teburin kantin.

"Maimaita mini, 'yata, a hankali. Ki faro daga kunna murhun."