Jinin da na gani a gonar gyaɗa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da fatan kana lafiya. Sunana Saratu, daga wani ƙauye kusa da Kafur. Don Allah ka karanta wannan mata su ji.

Da daminar bana ina da ciki wata biyar. Ina noman gyaɗa sai na ga ɗigon jini a zanena. Na gaya wa uwar mijina, ta ce, "Ba kome, 'yata, ni ma na sha gani. Ki sha jiƙo ki kwanta."

Washegari marata ta murɗa, bayana kamar ana sara da gatari. Jini ya ɓalle guda-guda, tsummoki suka ƙare. Jiri ya kama ni, ina rawar sanyi da tsakar rana. Rafi ya kawo, mota ba ta ƙetarewa, sai mijina Bitrus ya ɗora ni a amalanken shanu. A hanya cikin ya zube. Namiji ne, har da yatsunsa.

A asibitin Malumfashi aka yi mini wankin ciki da ƙarin jini. Nas ta ce da mun ƙara jinkiri da gawa za a kawo.

Mata, in kun ga jini da ciki, kada ku jira.

Malam, ka tambayar mini likita. Nonona ya kawo ruwa, ba mai sha. Me zan yi ya tsaya? Kuma zan sake haihuwa?

Ina gaida matan zumuntar cocinmu da suka nome mini gyaɗata.