Mangwaron Murnar Tallafi

A kasuwar kayan gwari ta Aziziya da ke Saudiyya, Sha'aban direba, bakinsa har kunne, ya tare wani dattijo da ya ji yana Hausa.

"Baba, taya ni murna. Tallafin gwamnatin nan, na zuba wa waya albashina da yawan 'ya'yana, ta ce na cancanta. Har na sayi kwalin mangwaro."

"Ta tambaye ka katin ɗan ƙasa?"

"Ko kusa."

"Sai wajen karɓa ake tambaya. Tallafin na 'yan Saudiyya ne, mu baƙi masu iƙama, takardar izinin zama, ba ma ciki."

Sha'aban ya dubi kwalinsa. "To Baba, ya aka yi ka sani?"

Dattijon ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki. "Ni rago na yanka, ɗana. Miƙo mangwaro ɗaya."