Sandar Awon Tunuga

A tashar Gaya, cikin motar Yamai, wani tsoho masunci daga Tunuga, Sumana, ya zauna kusa da wata baƙuwa, Nuriya, da ke rungume da ordinata, wato kwamfuta.

"'Yata, me kike gadi haka?"

"Karatuna ne, Baba. Doktora nake yi a Yamai. Lissafi da injiniyanci da ilimin ruwa nake haɗawa cikin na'ura, don a san ranar da kogi zai yi ambaliya."

"Na'urar ta taɓa shiga kogi?"

"Ba sai ta shiga ba. Akwai sandar awo a Tunuga, kullum ana turo mini inda ruwa ya kai. Shekara uku ke nan. Jibi zan kare aikin gaban malamai."

"Mai zanen ja da farin nan? Wadda ta yaga mini taru sau biyu? Ai bara muka tuge ta, muka kafa ta can saman gaɓa."

"Baba! Ke nan tun ranar awon da ake turo mini ba daidai ba ne! Wane wata?"

Sumana ya sassauta murya.

"Da azumi... ko bayan salla? Amma wallahi ba mu karya ta ba."

"Direba, sauke mini kayana! Baba, tashi ka nuna mini raminta na farko."