Ga Bargo, Ga Almakashi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban kwamitin Ajin Koyon Sana'a na Mata, Baba Malam Ubale. Mai girma wakilin Mai Martaba Sarki, Allah ya ƙara masa lafiya. Mai girma baƙuwarmu da ta taso daga Jos a madadin Jihar Binuwai-Filato. Mai Unguwa da limamanmu. Malamarmu, Malama Filomina. Iyayenmu maza da ke kan kujeru, da iyayenmu mata da ke kan tabarmi. Yayyena da ƙannena, har da waɗanda suka tsaya bayan taga suna leƙe ko za su sami abin dariya: assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Sunana Huraira, 'yar Malam Idris mai shago a nan Liman Abaji. Bara na gama firamare. Ban taɓa tsayawa gaban taro ba. A gida ma, in baƙo ya shigo, daga bayan ƙyaure nake gaishe shi. Ba ni aka zaɓa in yi wannan jawabi ba, ƙawata Zubaidatu aka zaɓa, domin ita ce mai murya, ita ce kuma ta fi mu iya ɗinki. Amma an cire ta daga aji, shi ya sa aka rasa mai tsayawa sai ni. Wanda bai ji ni ba ya matso, muryar ke nan.

Ina gode wa kwamiti da ya ba mu ɗaki. Ina gode wa Malama Filomina da ta koya mana riƙon allura, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ina gode wa iyayen da suka bar 'ya'yansu suka ci gaba da zuwa. Ina kuma gode wa waɗanda suka zo ranar buɗe aji suka cika gaban mai hoto, ba mu sake ganin ƙeyarsu ba sai yau da aka ce za a raba lemo.

An gaya mana cewa da zarar an tashi daga nan, kwamiti zai zauna ya yanke shawara: ko a bar mana ɗakinmu, ko a rufe ajin haɗa bargo a ba wani ɗan kwangila ya jibge siminti a ciki. Dalilin da aka kawo shi ne ɗalibai sun watse. Gaskiya ne, mun watse. Da muka fara, tabarma ba ta ɗaukar mu. Yau yatsun hannu ɗaya sun ishe ka ƙirga mu. Amma kafin a ba siminti wurinmu, ina roƙon a ji abin da ya watsa mu.

Na farko, aikin kansa. Ga wanda bai sani ba, ƙyallaye muke tarawa, ragowar atamfa da shadda da yadi. Mu yanka su daidai, mu haɗa wannan da wancan har su zama shimfiɗa guda, mu baza auduga a ƙarƙashi, mu sa akoko a baya, sannan mu bi duka da allura, ɗinki bayan ɗinki. Ba don sayarwa muke yi ba, don sha'awa ne. Kuma ba zan ɓoye muku ba, aiki ne mai sa kuka. Sai ki wuni kina haɗa layi, ki ɗaga shi ki ga kusurwa ta ƙi haɗuwa da kusurwa. Malama ta duba ta ce, “Huraira, farke.” Ki farke, ki sake, ta ce, “Wannan ya fi, amma farke.” Bargona na fari, na haɗa shuɗin saƙi da farin yadi ban wanke saƙin ba tukuna. Ranar da ya shiga ruwa, shuni ya zuba, fari ya zama kalar toka, akoko ya tsuke, bargo ya tattare kamar busasshen ganda. Ƙanena ya ce a ba akuya ta kwanta. Akuyar ma ta shinshina ta wuce.

Duk da haka, ban san yarinya ko ɗaya da ta bar aji saboda zare ya harɗe ko allura ta soke ta ba. Wannan ɓacin rai mun san maganinsa. In abu ya ƙi, sai ki naɗe shi ki ajiye, ki tashi ki yi shara, gobe ki dawo masa da sabon ido. In kin gaji da farke naki, ki ba ƙawarki ta farke miki, ke ki farke nata, domin kuskuren wani ba ya ciwo kamar naki. Kuma kowane ƙyalle sai ya sha ruwa kafin ya ga allura. Wannan duk mun koya, mun iya.

Na biyu, dariya. Tun da kuɗin mai ya shigo, aka ƙara albashi, kowa ya zama babban mutum. Wadda jiya ta kwana da buhu a ƙafa, yau ita ce ke toshe hanci in ta ga ƙyalle. Mu wuce da ƙullinmu a ce, “Ga 'yan tsumma nan.” Wani ya ce, “Wace mahaukaciya kuke yi wa ankon biki?” Wata ta ce da mahaifiyata, “Ayya, in babu ne ku faɗa mana, ai bargon kanti ya yi araha.” Mun ga bargon kantin. Mun gan shi ɗaure cikin ledarsa a kan sif, ba a lulluɓa da shi, sai dai a nuna wa baƙi. Mai shi na rawar sanyi a ƙasa, bargo na hutawa a sama. Wannan dariyar ma mun shanye ta, domin wanda bai iya zura zare a allura ba, dariya kaɗai ta rage masa.

Na uku, shi ne abin da ya kawo ni nan. Ƙyallayen teloli ba su ishe mu ba, sai Malama ta ce mu bi gidaje mu roƙi ragowar yadi da tsofaffin zannuwa. Muka bi, aka ba mu da fara'a. Inna Amarya, maƙwabciyarmu, ta ba ni gefen koren zaninta da hannunta, har ta ce, “Ki sa shi a tsakiya, 'yar nan, don a san nawa ne.” Inna, ki gafarce ni da na kama sunanki, amma a bakin rijiya aka yi zancen nan, babu wanda bai ji ba.

Bayan 'yan kwanaki Inna ta kwanta da ciwon kai. Kafin a jiƙa mata magani, labari ya zaga unguwa: wai 'yan ajin ɗinki suna tara ƙyallen jikin mutane ne ana kai wa boka. Wai Malama Filomina ce ke haɗa su tana aika wa bokan can bayan dutse. Wai an ga ƙyallen wance a binne a mararraba. Wa ya gani? Wani ne ya gaya wa wata. Daga ranar, duk abin da ya lalace a Liman Abaji, mu ne. Akuya ta mutu, ƙyalle ne. Miya ta yi tsami, ƙyalle ne. Tayar keken wani ta yi faci a hanyar Nasarawa, aka tuna matarsa ta ba mu hannun tsohuwar rigarsa. Mun zama masu ƙarfin da ko gwamnati ba ta da shi, mu da ba mu iya haɗa kusurwa huɗu ba tare da an ce mu farke ba!

Ciwon kan Inna kuwa, matan unguwa sun san asalinsa. Kitson biki aka ja mata, irin wanda ke ɗaga gira har mutum ya kasa rufe ido. Ranar da aka tsefe, ranar ta tashi ta daka sakwara. Amma labarin ciwo ya shiga kowane gida da gudu, labarin tsifa kuwa har yau bai fito daga ɗaki ba. Babu wanda ya dawo bakin rijiya ya ce, “Jama'a, ashe kitso ne.”

Iyaye suka fara janye 'ya'yansu. Ba na zargin uban da ya ji tsoro don 'yarsa. Ina zargin bakin da ya ba shi tsoron. Ana tsakiyar aji aka aiko a tafi da Zubaidatu. Allurarta na cikin ƙyalle, ko cire ta ba a bari ta yi ba. Malama Filomina, wadda ta baro garinsu ta zo koya mana, ta shiga kasuwa mata na janye gyale kada ya taɓa ta. Ni kuma na naɗe aikina na tura ƙarƙashin gado, na ce na bari har abada. Wannan shi ne karyewar zuciya na gaske, ba na zare da allura ba. Wanda allura ta soka ya tsotse yatsa ya ci gaba. Wanda aka kira mai asiri, me zai tsotsa?

Masu ba da haƙuri sun zo. “Ki yi haƙuri, Huraira.” “Sai haƙuri, 'yar Malam.” Na gode musu, amma ko ɗaya bai buɗe baki a inda ake zagin mu ba. Haƙurin nasu a ɗaki yake, a waje kuwa da su ake gyaɗa kai.

Wadda ta fito da ni ita ce Dada Jidda, tsohuwar da ke kawo mana nono daga rugarsu ta wajen Gitata. Ta sauke ƙwarya ta ce, “Ina mai tsumma? Yau ban ga ana ɓata zare ba.” Na gaya mata abin da ake faɗa. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce, “Ke yarinya, tashi ki leƙa ƙarƙashin keken Dabo tela. Rigar wa ce ba ta bar ƙyalle a wurin ba? Ta liman tana nan, ta alƙali tana nan, ta amaren bana duk suna nan, yara na sharewa suna zubarwa a bola. In ƙyalle na kashe mutum, ai da teloli sun gama da Keffi tun kafin a haife ki.” Sai ta kama bakin zaninta, ta sa haƙori ta yage, ta miƙo mini. Ta ce, “Ungo. Kai wa bokan naku, ki ce ya fara da ciwon gwiwata, ko ya kashe ni ko ya warkar.” Ga shi yau Dada tana zaune can baya kusa da ƙwaryarta. Gwiwar dai tana nan yadda take, bokanmu bai iya komai ba.

A ranar na jawo aikina daga ƙarƙashin gado. Mu da muka rage muka yi shawara, muka tattara duk ƙyallen da aka ba mu a gidajen unguwar nan, ba mu bar ko ɗaya ba, muka haɗa su a bargo guda. Malama, don Allah a taya ni warware shi.

Ga shi nan, iyayena. Ku duba da kyau. Ga koren zanin Inna Amarya a tsakiya, inda ta ce a sa shi. Ga hannun rigar mai keken da tayarsa ta yi faci. Ga ƙyallen wance da aka ce an binne a mararraba, ko ƙasa babu a jikinsa. Ga na Dada da shaidar haƙorinta. Ga atamfar Malama Filomina kusa da shaddar matar liman, sun kwana tare sun tashi tare, babu wadda ta ƙone wata. Wannan shi ne asirin da muka yi muku. Mun wanke tsummanku, mun goge, mun jera, mun mai da su abin da zai rufe mutum daga sanyi.

Za ku ga gurbi a wannan kusurwa, inda auduga ke leƙowa. Ba mantuwa ba ce. Wurin Zubaidatu ne. Aikinta na nan a aji da allurarta a soke, yadda ta bar shi. Mun iya cikewa, amma ba za mu cike ba.

Baba shugaba, ga roƙona. Na ajiye almakashi a kan teburinka. Duk wanda har yanzu yake jin ƙyallensa na cutar da shi, ya taso gaban jama'a ya yanke abinsa ya tafi da shi, ba za mu ce uffan ba. In bargon nan ya fita daga wurin nan da rami ko ɗaya, ku ba siminti ɗakin, mun yafe. Siminti ba ya roƙon ƙyalle, ba ya sa ciwon kai, unguwa za ta huta. In kuwa ya fita lafiya, to, kowa ya shaida da idonsa, sai ku bar mana ƙofarmu a buɗe ranar Asabar, ranar ajinmu, a kuma bar Zubaidatu ta zo ta cike gurbinta.

To, bismillah, ina jira.

Baba shugaba, ban ga wanda ya taso ba. Waɗanda ke bayan taga ma na ga sun ragu. Almakashin dai yana nan har a tashi, kada wani ya ce an yi masa sauri.

Allah ya ba shugabanninmu ikon yanke gaskiya. Allah ya saka wa Malama Filomina da alheri, ya wanke ta a idon waɗanda suka ɓata ta. Allah ya ba Dada Jidda lafiyar gwiwa, ya ba Inna Amarya mai kitso mai sauƙin hannu. Allah ya tsare bakinmu daga faɗin abin da ido bai gani ba. Allah ya zaunar da Keffi da ƙasarmu lafiya, ya mai da baƙinmu gidajensu lafiya, ya sa ranar Asabar mu ji sallamar Zubaidatu a bakin ƙofa. Amin.

Na gode.